Faris, Alkahira, Kafin Madaki ko Allon Waya: Ina Ya Cancanci Kuɗinka?

Wani abokina, ɗan kasuwa a Tudun Hatsi ta Gombe, ya kira ni wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. 'Yarsa ta fari ta kusa gama karatun zayyanar gine-gine a jami'ar ATBU nan Bauchi. Tun tana aji biyu ya yi mata alkawarin tukuici, ya ce ta faɗi abin da ranta ke so. Shi a zatonsa mota za ta ce, ko sabuwar kwamfuta. Sai ta ce a kai ta Faris ta ga Mona Lisa.

"Malam, don Allah wace ce wannan Mona Lisa ɗin? Na tambaya an ce mini hoto ne. To in hoto ne, ai ga shi nan a wayarta."

Na ce, "Alhaji, ba ka yi kuskure gaba ɗaya ba, ita ma ba ta yi ba. Ba ni kwana biyu."

Na taɓa zuwa Faris sau ɗaya, wani taro ya kai ni. Alkahira ma sau ɗaya. Na gida kuwa na zaga su gwargwado. Abin da na tsara masa ke nan, na ga ya kamata in baza shi, don na san ba shi kaɗai ke cikin wannan wasiwasi ba.

Abin da za a auna da shi

Na farko kuɗi. Kada tikitin ƙofa ya ruɗe ka, shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin. Biza, jirgi, masauki da abinci su ne ke cinye jakar.

Na biyu sauƙin isa: takardu, hanya, da layin da za ka bi kafin ka tsaya gaban abin.

Na uku shi ne uwa uba a wurina, wato me ido zai samu a can wanda waya ba za ta ba shi ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma sun faɗi haka ne lokacin da ba a san waya mai hoto ba. Yau tambayar ita ce, yaushe gani da ido ke korar gani a allo? Abin da na lura, waya tana kawo launi da zane daidai gwargwado, wani lokaci ma fiye da ido. Abubuwa uku ne ba ta iya ɗaukowa: girma, zagayawa bayan abu, da yadda wuri ke taɓa jikinka, sanyinsa da amon muryarka a ciki. Duk abin da kyansa ya rataya a kan waɗannan ukun, zuwa da kai ya fi saƙo. Wanda kuma ƙaramin zane ne a shafe, a bayan gilashi, to a sake tunani.

Na huɗu ɗorewa, ita kuma fuska biyu gare ta: me zai zauna a ranka bayan shekara biyar, kuma shi abin zai jira ka ko kuwa yana kan lalacewa.

Na biyar kasada. A nan nake cusa wata magana da masu shirya tafiye-tafiye ba sa ɗagowa, maganar kunya: da wa za ka tafi, kuma me za ku tarar a bango.

Allon waya

Kuɗinsa kuɗin data ne kawai. Gidan tarihi na Louvre da ke Faris, inda Mona Lisa take, ya ɗora hotunan kayansa sama da 480,000 a intanet tun 2021, kyauta. Gidan tarihin ƙasa na Holan da ke Amsterdam ya ɗauki wani shahararren zanen Rembrandt na 1642 a hoto mai fiksel biliyan 717, wanda za ka yi ta buɗa shi da yatsa har ka ga tsagewar fenti kamar ƙasar fadama da rani. Wanda ya biya jirgi ya tsaya gaban zanen ba zai ga wannan ba. Shafin Google Arts & Culture ma ya tara irinsu daga ɗaruruwan gidajen tarihi.

Kasada babu, sai ta caji da sabis. Matsalarsa ɗorewa. Abin da ka kalla tsakanin saƙon WhatsApp da bidiyon barkwanci, da wuya ya kwana a ranka. Kuma waya tana mai da komai tsawon tafin hannu, zobe da dutsen Zuma duk girmansu ɗaya.

Faris

Mu fara da takardu. Kuɗin bizar Turai Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, ban da ladan ofishin da ke karɓar takardu. Ana son inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin Yuro 30,000, bayanin asusun banki, shaidar masauki da ta jirgi. In aka hana ka, kuɗin ba ya dawowa, kuma a 2024 sama da kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya da suka nema an hana su. Budurwa da ta gama makaranta, ba aiki ba aure, tana cikin irin waɗanda ake yi wa kallon ba za su dawo ba. Don haka hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tikitin jirgi daga Abuja, zuwa da dawowa, ya haura naira miliyan ɗaya ga mutum guda, kuma Alhaji ba zai bar ta ta tafi ita kaɗai ba, sai a ninka. Shiga Louvre ya kasance Yuro 22 tun 2024, daga Janairun 2026 aka mai da shi 32 ga waɗanda ba 'yan Turai ba. 'Yan ƙasa da shekara 18 kyauta ne. Ranar Talata a rufe yake, kuma gara ka kama lokacinka ta intanet tun kafin ka baro gida.

To ka shiga, ka bi alamun kibiya, ka iso ɗakin. Leonardo da Vinci ya fara zanen nan wajen 1503, a kan allon katako, tsawonsa santimita 77, faɗinsa 53. Daddumar sallarka ta fi shi girma. Yana bayan gilashi mai kauri, gabansa akwai shinge, kai kuma kana can baya da 'yan mitoci. Mutum miliyan 8.7 suka shiga gidan a 2024, ana barin 30,000 a rana, kuma mafi yawansu wannan ɗakin suka nufa. Abin da ya fi ba ni dariya, mutum ya keto duniya don ya ga matar, yana isa gabanta sai ya juya mata baya ya ɗaga waya ya ɗauki kansa. Minti ɗaya ko biyu, na bayanka sun matso. Murmushin da ake ta magana, da yadda inuwa ke narkewa a gefen bakinta ba tare da layi ba, wallahi na fi ganinsu a kwamfuta bayan na dawo.

Ba wai zanen ba shi da kyau ba ne. Amma wani kaso na sunansa daga sata ya samo shi. A 1911 wani ɗan Italiya mai suna Vincenzo Peruggia, da ya taɓa aiki a gidan, ya fice da shi. Jaridun duniya suka yi ta buga hotonsa har aka gano shi a Florence a 1913. Tun daga nan sunan ya fi allon girma.

Ga abin da na gaya wa Alhaji ya gaya wa 'yarsa: in ta shiga ɗakin, ta waiwaya. A bangon da ke fuskantar Mona Lisa akwai zanen wani bikin aure da mai zane Veronese ya gama a 1563, wanda sojojin Napoleon suka ɗauko daga Venice a 1797. Tsayinsa ya kusa mita 7, faɗinsa ya kusa 10. In aka shimfiɗa shi a ƙasa ya fi filin ɗaki ciki da falo. Mutum sama da ɗari ne a ciki, makaɗa, masu rabon abinci, har da karnuka, kai ka ce walimar gidan sarauta. Shi ne mafi girma a duk gidan, kuma kusan kowa baya yake ba shi. Na fi minti ashirin a gabansa ba wanda ya ture ni. Irin wannan ne waya ba ta iyawa. Haka dutsen dokokin Hammurabi, sarkin Babila na da, baƙi, ya fi mutum tsawo, rubutu ya zagaye shi gaba da baya. Akwai kuma sashen fasahar Musulunci da aka buɗe a 2012, inda aikin tagulla, darduma da rubutun hannu za su cinye maka yini.

Kasada: 'yan sane a jirgin ƙasa da wuraren cunkoso, sai rufewar ba-zata. A watan Yunin 2025 ma'aikata sun ƙi buɗe ƙofa na wasu awoyi saboda cunkoso, a Oktoba kuma aka rufe gidan bayan ɓarayi sun kwashe kayan adon sarauta da rana tsaka. Sai maganar kunya. Manyan zaurukan nan cike suke da mutum-mutumi da zane-zanen mutane tsirara, ba kuma a kusurwa suke ba, a kan hanya suke. Uba da 'yarsa Bahaushe, kowa zai rasa inda zai sa idonsa. Gara a sani tun daga gida.

Ɗorewa kuwa, Mona Lisa ta shekara 500 tana zaune, an ma sanar a 2025 cewa za a gina mata ɗakinta ita kaɗai. Za ta jira.

Wanda ke tunanin Landan maimakon Faris: shiga babban gidan tarihin Birtaniya kyauta ne, kuma a can za ka ga kayan tagullar Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Sai dai ka biya biza sama da fam 120 don ka je ka gaida kayan ƙasarku a gidan wani. Kowa da yadda zuciyarsa ke ɗaukar wannan.

Alkahira

Nan ma sai da biza, da katin rigakafin shawara, amma ba ta kai ta Turai tsauri ba. Akwai jirgi kai tsaye daga Kano da Abuja. Masauki da abinci sun fi na Faris sauƙi nesa ba kusa ba, ba ka tambayar ko naman halal ne, ba ka neman inda za ka yi sallah. Ga ɗalibanmu birjik a Azhar, da wuya ka rasa ɗan unguwarku ko ɗan abokin wani da zai yi maka jagora da Hausa. Tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya fi, don zafin bazararsu ko ɗan Azare sai ya sara masa.

Lokacin da na je, fuskar zinaren Fir'auna Tutankhamun tana tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir. Yanzu an mai da ita sabon katafaren gidan da aka buɗe a Nuwamban 2025 kusa da dalar Giza, tare da kayan kabarinsa sama da 5,000. Tikitin baƙo kimanin dalar Amurka 30 ne. Fuskar ita ma ba babba ba ce, santimita 54, to me ya sa na ce ita ta cancanci zuwa? Saboda ana zagaya ta. Zinare ne kusan kilo 10, an jera masa shuɗin dutse da gilashi mai launi, kuma zinare ba ya tsayawa wuri ɗaya, kana motsawa haske na bin ka. Hotunan da muka saba gani duk daga gaba ne. Sai da na koma bayanta na ga ashe an zana rubutu layi-layi a kafaɗu da gadon baya, na ga kunnuwan a huje. Yaro ne, bai kai shekara 20 ba ya mutu, sama da shekara 3,300 ke nan. Howard Carter ya gano kabarin a 1922. Fuskar ba ta tsufa ba ko kaɗan, abin har da ɗan ban tsoro.

Daga nan ka fito ka ga dala. Mu da muka taso muna jin labarin dalar gyaɗa ta Kano, muna ɗauka mun san fasalin abin. Babbar dalar Giza mita 146 aka gina ta, kuma duwatsun layin ƙasa, kowane ɗaya ya kai ƙirjin mutum. Sai ka jingina da guda ɗaya ka ɗaga kai, sannan lissafin ke shiga. Gawar Ramsis na biyu tana wani gidan tarihin a unguwar Fustat ta Alkahira tun 2021. Mutane da yawa suna cewa shi ne Fir'aunan Annabi Musa, masana tarihi dai ba su tabbatar ba, amma tsayawa gaban gawar sarkin da ya mulki Masar shekara 66, hancinsa da gashinsa na nan, wa'azi ne da ba ya buƙatar mai fassara.

Ga ɗalibar gine-gine kuwa, ribar tana cikin tsohon birni. Masallacin Ibn Tulun an gama shi a 879, tsakar gidansa fili ne fetal, hasumiyarsa matakalarta ta waje take nannaɗe. Masallacin Sultan Hassan, da aka fara a 1356, sai ka bi ta wani lungu mai duhu, ka yi kwana, kwatsam sama ta buɗe, bakuna huɗu manya sun kewaye ka. Na ji wani mai gadi ya ja aya ɗaya a ciki, muryar ta hau ta sauko. Ba wayar da za ta kawo maka wannan Bauchi.

Kasadar Alkahira ta aljihu ce. Masu raƙuma da masu sayar da tsaraba a Giza sun iya baki, farashin hawa daban na sauka daban, sai ka gama ciniki ƙarara kafin ka ɗora ƙafa. Amma wanda ya saba ciniki a Tudun Hatsi ba na jin za a yi masa wayo. Tsallaka titi kuma sai da addu'a.

Na gida

Kafin Madaki, hedikwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa, kamar kilomita 45 ne daga Bauchi a hanyar Ningi. A nan Gidan Madaki yake, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu wajen 1860, yana cikin gine-ginen farko da aka ayyana a matsayin kayan tarihin ƙasa a 1956. Na tambayi 'yar Alhaji ko ta taɓa zuwa. Ta ce, "A'a Baba, amma an nuna mana a aji." Shekara biyar tana Bauchi.

Ka shigo daga rana mai ƙuna, ka sunkuya ta ƙofa, sanyi ya tare ka kamar ka leƙa randa. Idonka na sabawa da duhu sai bakan gizo su fito, sun taso daga bango sun haɗu a sama, tsakaninsu an jera azara ɗaya bayan ɗaya kamar saƙar faifai. Ba siminti, ba rodi, ƙasa ce da giginya da lissafin da ke kan maginin. In ka dafa bangon za ka ji ba a miƙe yake sak ba, hannu ne ya shafe shi. Duk ma'aunin nan na uku, girma da zagayawa da taɓa jiki, ya cika a nan, a kan kuɗin man mota da ɗan abin goro ga wanda ya buɗe maka.

Cikin garin Bauchi ma, kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa gini ne da aka tsara don ƙafa ta karanta shi: ka bi ta duhu, ka hau, ka fito haske. Geji a ƙaramar hukumar Toro da Shira suna da zanen dutse na mutanen da, haka Birnin Kudu a Jigawa. Waɗannan sai da ɗan jagora na gari, kuma a tambayi lafiyar hanya kafin a kama ta.

Jos kamar kilomita 130 ne. Gidan tarihinta Bernard Fagg ya kafa shi a 1952, kuma a nan za ka ga kawunan Nok na yumɓu, da aka fara tonowa a filin haƙar kuza a 1928. Sun haura shekara 2,000. Ka matsa kusa ka ga idanun masu kusurwa uku, ƙwayar idon a huje, hanci da baki ma haka, don iska ta samu mafita lokacin gashi kada su fashe. Ka dubi kitson, wani ko yau aka kai shi gidan biki za a tambayi wa ta yi. A gefe akwai filin da aka gina kwaikwayon manyan gine-ginen gargajiya, har da masallacin Juma'a na Zariya.

Aibin na gida a bayyane yake. Haske kan yi ƙaranci, bayani a jikin kaya kan goge, wani lokaci ba wuta. Na taɓa yin tafiyar awa uku zuwa wani gidan tarihi a wata jiha, na tarar da kwaɗo a ƙofa, aka ce mai makullin ya tafi ɗaurin aure. Sai ka kira wani kafin ka taso. Amma a ma'aunin ɗorewa su ne suka fi gaggawa. Ginin ƙasa in ba a yi masa yaɓe ba, damina ba ta jira. A Agustan 2023 wani sashe na tsohon masallacin Zariya ya rufta kan masallata, Allah ya jiƙansu. Abin da ka ce sai baɗi, ba lallai ka same shi yadda yake bana ba.

| Ma'auni | Waya | Na gida | Alkahira | Faris |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | data | mai da abinci | matsakaici | mafi tsada |
| Sauƙin isa | nan take | yini ɗaya ko biyu | biza, jirgi kai tsaye | biza mai wuya, layi |
| Ƙarin da ido ke samu | babu girma | mai yawa | mafi yawa | kaɗan ga Mona Lisa, da yawa ga sauran |
| Zai jira ka? | kullum | ba tabbas | zai jira | zai jira |
| Kasada | babu | hanya, rufaffiyar ƙofa | 'yan ciniki, zafi | asarar kuɗin biza, 'yan sane |
| Tafiya da iyali | daidai | daidai | daidai | sai an shirya ido |

Wa ya kamata ya nufi ina

In Mona Lisa ce kaɗai ke jan ka, ka buɗe ta a babbar kwamfuta, ka kashe fitila, ka ba ta rabin awa. Ka ga fiye da abin da mai tikiti ya gani, miliyoyinka kuma suna nan.

In aiki, karatu ko taro ya riga ya kai ka Turai, bizar na hannu, to kada ka dawo ba ka shiga Louvre ba. Ka je da sassafe, ka gaida matar a gurguje don kada a ce ba ka gan ta ba, ka ba sauran yinin ga manyan zane da sashen Musulunci. Ɗalibin zane da fenti, wanda sana'arsa ke nan, shi ma yana da hujjar tara kuɗi don Faris, amma ya ware kwana uku, ba awa uku ba.

In tafiya ɗaya tak aljihunka zai ɗauka, kuma da iyali za ka, Alkahira. Haka mai sha'awar tarihin Musulunci ko gine-gine.

Malamin makaranta mai son fita da ɗalibai, da wanda bai taɓa shiga gidan tarihi ba kuma bai san ko abin zai burge shi ba, su fara da Kafin Madaki da Jos. In ka tsaya ƙarƙashin bakan gizon nan minti goma ka ji kana duba agogo, ka gode wa Allah, ka gano da araha cewa kuɗin jirgin nan gara a sa shi a gona.

Alhaji ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce Faris dai a ajiye ta sai yarinya ta samu aiki ta kai kanta, ko mijinta ya kai ta. Alkahira zai duba bayan an sayar da waken bana. Amma ranar Asabar zai taso daga Gombe da asuba, mu ɗauke ta a makaranta mu wuce Kafin Madaki.

Na ce, "To Alhaji, karin kumallo fa?"

Ya ce, "Wannan a wuyanka yake, Malam. Kafin a kai ga Masar, a fara da masar Bauchi."